Jirgin Bakwai da Minti Sha Biyu

A taki na arba'in da bakwai Shugaban Tasha yake tsayawa. Ba na arba'in da shida ba, domin nan inuwar tsohon tankin ruwa take faɗowa ta rufe masa rabin fuska, kuma bai dace fasinjoji su ga rabin shugaba ba. Ba na arba'in da takwas ba, domin nan simintin dandamali ya ɗan tsage. Da ya tsaya sai ya haɗe dugadugansa, ya gyara zaman hularsa da yatsu biyu, ya matse tutocinsa a hammata, ja da koriya, sannan ya ɗaga hannun hagu ya dubi agogonsa, ya dubi rana. Mafi yawan kwanaki ranar takan fito daidai. In gajimare ya ɗan riƙe ta, ba ya cewa komai. Yakan dai girgiza kai, irin na mutumin da ya san ba kowa aka yi wa tarbiyyar aiki ba.

Allah ya yi wa ƙananan tashoshin bayan gari shugabanni iri-iri, amma wannan ita ya ba gwarzo. Jadawali ya ba kowane jirgi minti ɗaya a tashar, kuma shekara ashirin da shida ke nan babu jirgin da ya taɓa yin minti ɗaya da daƙiƙa ɗaya a gaban wannan bawan Allah. Mutanen unguwa suna kiransa Baba Minti Ɗaya a bayan idonsa. Sunan ya kai kunnensa tun tuni, ya karɓe shi a matsayin lambar yabo, ya yafe musu da ba su iya faɗa masa a gabansa ba. Ya san kwarjini abu ne mai nauyi.

Shi ne kuma marubucin tarihin tashar. Littafin yana cikin durowarsa, ƙato, mai baƙin bango, rubuce da hannunsa. A ciki mai karatu zai ji cewa da fari babu tasha a wurin, tanki ne kawai inda jiragen gawayi suke tsayawa su sha ruwa. Sai leburorin layin dogo suka kafa ɗakunan kwano a gefe. Sai wata mata ta fara dafa musu shayi. Sai wata rana wani ya roƙi direba ya rage masa hanya zuwa cikin gari, direba ya yarda, ga shi fasinja na farko. Daga nan masaƙar buhu ta zo, gidaje suka biyo ta, gari ya yi ta rarrafowa har ya taɓa layin dogo. Duk wannan, shekara sittin da wani abu, ya ci shafi huɗu. Sauran shafi ɗari biyu da goma sha biyun sun fara ne daga ranar da wani matashi mai faɗin ƙirji ya sauko daga tarago na biyu riƙe da akwatinsa, ya dubi tashar, tashar ta dube shi.

Hidimar da tashar ke yi wa jama'a kuwa, sai wanda ya gani. Akwai ɗakin jira mai benci shida, wanda ake buɗewa saura minti ashirin jirgi ya iso, domin an lura in aka bar mutane suka daɗe a ciki sai su mai da shi wurin jira. Akwai banɗaki mai tsabta kamar ba a taɓa shigarsa ba, kuma kusan haka ɗin ne: makullin yana aljihun shugaba, mai buƙata sai ya je ofis ya yi bayani. Akwai jan akwatin ƙorafi a jikin bango. Shekara sha tara da suka wuce ruwan sama ya shiga ta bakinsa ya jiƙa takardu, sai shugaba ya sa aka liƙe bakin don kare koke-koken jama'a daga lalacewa. Tun daga ranar ba a sake samun ƙorafi ko ɗaya ba, abin da yakan ambata cikin tawali'u a rahotonsa na kowace shekara.

Amma abin da ya fi alfahari da shi shi ne ƙofa. Tsakanin ɗakin jira da dandamali akwai ƙofar ƙarfe mai sanduna. Shi ya sa aka kafa ta a shekararsa ta biyu, bayan ya gano abin da ke ɓata wa jiragen ƙasa lokaci a duk faɗin duniya, wato fasinjoji. Saura minti uku yake buɗe ta da hannunsa. Da ya ji kukan jirgi daga kwana sai ya rufe, ya danna kwaɗo, ya tafi takinsa. Wanda ya shigo da gudu bayan haka, yana haki, tikitinsa a hannu, sai ya kama sanduna ya kalli jirgi a tsaye, ya kalli jirgi yana tafiya, ya koma gida da darasin da ba a koyarwa a makaranta.

Mutanen unguwar sun ɗauki darasin sosai. Wasu suka koma bin bas, duk da cunkoson gada mai cin awa biyu. Wasu suka sayi babur. Dandamali ya yi ta ƙara tsabta shekara bayan shekara, har ya zama da safe babu abin da ake ji a kansa sai takun shugaba da kukan tsuntsaye a kan waya. Layukan dogo biyu suna kwance cikin raɓa suna sheƙi, sun miƙe har inda ido ya gaji, babu mai damunsu.

Cikin 'yan kaɗan da ba su bar jirgin ba akwai 'yarsa, Auta. Nas ce a wani asibiti cikin gari, ƙarfe takwas take karɓar aiki, kuma jirgin bakwai da minti sha biyu ne kaɗai ke kai ta a kan lokaci. Yayyenta duk sun yi nisa. Tun rasuwar mahaifiyarta, shekara huɗu ke nan, ita ke goge masa kayan aiki, ita ke ajiye masa ƙwayoyin hawan jini a gefen kofin shayi, ita ke sauraron sabon babi in ya rubuta. Asibiti ya sha yi mata tayin ɗaki a gidajen ma'aikata, tana cewa a'a, tana da jirgi a ƙofar gida. Ko ita sau biyu ya taɓa rufe wa ƙofa. Ya rubuta hakan a shafi na ɗari da casa'in, ƙarƙashin babin adalci.

Ana nan sai ga takarda daga hedkwata.

Sakin layi biyu ne a cikinta. Na farko ya ce ranar Talata wani jami'i zai ziyarci "tasharku mai daɗaɗɗen tarihi". Na biyu ya ce jami'in zai ƙirga mutanen da suka hau jirgin bakwai da minti sha biyu, kuma duk tashar da ba ta kai mutum arba'in ba za a cire ta daga jadawali daga farkon wata, jirage su riƙa wucewa ba tsayawa. Shugaba ya karanta na farko sau uku, a tsaye. Na biyu ya karanta shi sau ɗaya, yana neman gilashinsa.

Mai Tikiti, wani dattijo da wuyansa ya ranƙwafa saboda shekara ashirin na leƙen mutane ta ƙaramar taga, shi ya karanta na biyun sau uku.

"Yallaɓai," ya ce, "jiya mutum goma sha ɗaya suka hau."

"Sha ɗaya masu ladabi."

"Arba'in suke nema, yallaɓai."

Shugaba ya ajiye takardar, ya haɗa hannuwansa ta baya, ya fuskanci taga, inda yakan fuskanta in magana mai nauyi za ta fito.

"Malam, kasuwa ake aunawa da kawuna. Tasha da tarbiyya ake auna ta. Kana tsammanin manyanmu za su taso mutum takanas daga hedkwata don ya zo ya ƙirga talakawa? Wannan rufin baki ne kawai na ofis. Labari ya kai musu. Shekara ashirin da shida, malam. Dole wata rana labari ya kai. A nemo fenti."

Aka nemo fenti. Kwana huɗu ana shafa fari a bakin dandamali, da gindin bishiyoyi, da duwatsun da ke kewaye da gindin bishiyoyin. A cikin kwanakin nan huɗu kuma, kullum da yamma, Mai Tikiti da Auta suna bin unguwa gida-gida. Sun je wurin tela, wanda ya rantse shekara bakwai da suka wuce ba zai sake taka tashar ba. Sun je wurin malaman makarantar firamare, da masu gyaran babur, da tsohuwar da ke kai ƙwai kasuwar cikin gari. Roƙonsu ɗaya ne: ranar Talata a zo a hau jirgi, ko da tasha ɗaya ce, a sauka a dawo.

"Zan zo," in ji tela, bai ɗago daga kekensa ba. "Amma ki gaya wa babanki ba don shi ba ne. Don jirgin ne. Jirgin bai taɓa yi mini komai ba."

Tsohuwa mai ƙwai ta ce, "'Yar nan, in jirgin ya daina tsayawa, a bas ɗin nan rabin ƙwaina ruwa suke zama kafin gada. Zan zo da jikokina duka, har mai goyo."

Ranar Talata da sassafe Auta ta miƙa wa mahaifinta rigarsa, karin guga a tsaye kamar wuƙa. Ta jira ya haɗiye ƙwayarsa.

"Baba, don Allah yau kada ka yi jawabi."

"Wa ya ce miki jawabi zan yi? Taƙaitaccen bayani ne."

"Baba, in aka rufe tashar nan, tashi zan yi. Ka sani ko? Ba zan iya bin bas in kai takwas ba."

"Auta," ya ce, yana ɓalla maɓallin wuya a gaban madubi, "ba a rufe irin wannan tasha. Irinta ake kawo ɗalibai su gani."

Jami'in ya sauko daga jirgin shida da rabi mai fitowa daga gari. Shugaba ya tanadi fuskar da ake tarbar mai tumbi da jakar fata. Abin da ya sauko kuwa wata siririyar matashiya ce da takalmin kambas, fayil a hammata, a hannunta ɗan ƙarfen ƙirga irin wanda ake dannawa da babban yatsa. Ya leƙa bayanta ko akwai saura. Babu. Bai ɓata lokaci ba, nan take ya yi mata ƙarin girma.

"Barka da zuwa, ranki ya daɗe, babbar jami'a."

"A'a, Baba, ni ƙirga kawai aka aiko ni."

Ya yi murmushi. Ya san manya da son ɓoye kansu. Ya zaga da ita ta ga fenti, ta ga tanki, ta ga banɗaki daga waje. Saura minti takwas bakwai ta cika ya buɗe ɗakin jira, ya shigar da ita ta ƙofar ofishinsa don ta ga bencuna.

Ba ta ga bencuna ba. Mutane ne a kansu, da tsakaninsu, da jikin bango, har bakin titi. Tela yana nan da hularsa a karkace. Tsohuwa tana nan da kwandonta a cinya, jikoki sun kewaye ta. Mai Tikiti ya leƙo ta tagarsa, fuskarsa tana haske kamar an kunna fitila a ciki, ya ɗaga murya yadda Mai Ƙirga za ta ji: "Sittin da uku, yallaɓai! Sittin da uku!"

Shugaba ya tsaya a bakin ƙofar ofis. Shekara ashirin da shida yana rubutu, mai sauraronsa mutum ɗaya, ita ma takan yi gyangyaɗi. Yau ga fuskoki sittin da uku, duk sun juyo gare shi. Ashe sun sani. Ashe duk shekarun nan da suke tsuke fuska, kunya ce ta hana su nunawa. Yau da suka ji za a karrama shi, ga su sun fito ƙwansu da kwarkwatarsu.

Ya koma ciki ya ɗauko baƙin littafin.

"Jama'a," ya ce, bayan ya yi gyaran murya, "na gode. Ban gayyace ku ba, amma kun zo. Wannan shi ne sakamakon mai aiki tsakani da Allah. Tunda babbar baƙuwarmu tana son sanin tushen wannan wuri, zan ɗan taɓa kaɗan daga ciki."



Shafi huɗun farko bai ɓata musu lokaci a kansu ba. Tanki, leburori, mai shayi, duk ya wuce da su cikin minti biyu, kamar mai wucewa ta gaban gidan da ba ya shiri da masu shi. A shafi na biyar muryarsa ta sauka, ta yi faɗi.

"Da matashin nan ya sauko, me ya tarar? Awaki a kan dandamali. Masu talla har cikin tarago. Jirgi yakan yi minti huɗu, wani lokaci biyar, yana jiran wani ya gama sallama da surukarsa. Matashin nan ya ajiye akwatinsa, ya ce a ransa, ko ni ko wannan hargitsi."

Bakwai da minti biyar. Mai Tikiti ya yi tari. Bakwai da minti bakwai, ya sake yin tari, wannan karon har da buga katakon taga. Shugaba ya ɗaga masa hannu alamar ya ji, kuma ya yafe.

Bakwai da minti tara, Auta ta kutso tsakanin mutane da fararen kayanta.

"Baba, ƙofa."

"Auta, ba a katse tarihi."

"Baba, lokaci ya yi. Ba ni makullin in buɗe."

"Makullin hukuma? A hannun fasinja?" Ya dubi baƙuwa da murmushin neman afuwa. "'Yata ce. Ko ita ba ta fi ƙarfin doka ba. Za mu zo wurin, yana shafi na ɗari da casa'in."

Ɗakin ya fara guna-guni. Tela ya ce, "Malam, mu jirgi muka zo hawa, ba karatu ba!" Shugaba ya ɗauki wannan a matsayin zumuɗi, ya ƙara sauri don ya kai su wurin da aka kafa ƙofar, wanda a ganinsa nan ne zuciyar littafin. Saura layi uku ya kai, sai kukan jirgi ya taso daga kwana, dogo, siriri, ya ratsa ta saman rufin gidaje ya shigo ɗakin.

Abin da ya biyo baya ba shawara ba ce. Jiki ne da ya yi shekara ashirin da shida yana amsa kira ɗaya. Littafi ya rufe kansa. Hannu ya miƙa ya taɓa kwaɗon ƙofar ƙarfe, ya ji shi a danne, kamar yadda doka ta ce ya kasance a daidai wannan lokaci. Ɗaya hannun ya nuna wa baƙuwa hanya. Suka bi ta ofis, ƙofar ofis ta rufe kanta a bayansu, suka fita dandamali. Ƙafafu suka ƙirga arba'in da bakwai.

Jirgin ya shigo a hankali, tarago biyar, ya yi ajiyar zuciya ya tsaya. Ƙofofi suka buɗe. Farin fenti yana ɗaukar ido. A duk tsawon dandamalin babu kowa sai shugaba da wata matashiya riƙe da ɗan ƙarfe, yatsanta a kansa, tana jira.

A bayansu ƙofar ƙarfe tana girgiza. Hannuwa sun fito ta tsakanin sanduna, kowanne da tikiti. Wasu samari suka zaga za su haura shinge, suka tarar da aikin shekararsa ta tara, lokacin da ya sa aka ƙara masa tsawo.

Kwandastan jirgin ya leƙo, ya dubi ƙofa, ya dubi shugaba.

"Baba, lafiya? Buɗe musu mana, za mu jira. Minti biyu ai ba komai ba ne."

Minti biyu ba komai ba ne. Shugaba ya dubi wanda ya faɗi haka da tausayi. Sannan ya yi lissafi, domin shi mutum ne mai adalci. Taki arba'in da bakwai zuwa. Kwaɗo. Mutum sittin da uku, har da tsohuwa da kwando da mai goyo. Taki arba'in da bakwai dawowa. Ko da gudu, minti uku. Kuma a gaban wa? A gaban hedkwata.

Ya waiwaya sau ɗaya. Cikin hannuwan nan ya gane guda, na Auta, siririn hannu da farar riga, da agogon mahaifiyarta a wuyan hannun. Ita ba ta girgiza ƙofar, ba ta kira. Ta dai riƙe sanda ɗaya tana kallonsa. Wani abu ya motsa masa a ƙirji, ya ɗan matse. Ya ce a ransa hawan jinin ne, in an gama zai zauna.

Tsinken daƙiƙa ya hau kan sha biyu. Usur ya yi ƙara. Koriyar tuta ta tashi sama, a miƙe, ba rawa, yadda za a iya ɗaukar hotonta a sa a littafin koyarwa.

Jirgin ya ja jikinsa ya tafi. Ƙarar ƙafafunsa ta yi ta raguwa a kan dogo har ta zama kamar bugun zuciyar wani can nesa. Ƙofar ƙarfe ta daina girgiza.

"Minti ɗaya cif," in ji shugaba. "Ranki ya daɗe, kin gani da idonki."

Mai Ƙirga ta dubi ɗan ƙarfenta. Sifili huɗu ne a jere, yadda ta zo da su.

Kafin su koma ofis ɗakin jira ya watse. Mutanen ba su yi zagi ba, abin da ya ƙara tabbatar wa shugaba cewa tarbiyyarsa ta kama su. Tela ne kaɗai ya tsaya ya ajiye tikitinsa a kan benci, ya daidaita shi da yatsa, ya fita. A ofis saura mutum huɗu: shugaba a kujerarsa, Mai Ƙirga a gabansa da takarda, Mai Tikiti a bakin ƙofa, Auta a jikin bango.

"'Yata," in ji Mai Tikiti, yana duban Mai Ƙirga, "kin gan su ai. Sittin da uku. Ki rubuta abin da kika gani."

"Baba, na gan su wallahi. Amma waɗanda suka hau aka ce in ƙirga. Kwandasta ma zai kai nasa rahoton, in na rubuta wani abu daban aikina ne zai tafi." Ta juya takardar ta fuskanci shugaba, ta sa yatsa a ƙasa. "Sai dai akwai wannan gurbin. In shugaban tasha ya rubuta cewa an samu matsala daga tashar, wadda ta hana fasinjoji hawa, ya sa hannu, to ƙirgar yau ba ta aiki. Za a sake turo ni Talata mai zuwa."

Mai Tikiti ya dafe ƙirji. "Alhamdu lillahi. Yallaɓai, layi ɗaya ne. Zan sake bin su, ko da durƙuso ne."

Shugaba ya sa gilashinsa. Ya karanta gurbin a nutse.

"Matsala," ya ce.

"Ko kuskure," in ji Mai Ƙirga. "Duk wanda ka ga ya fi."

"Daga tashar."

"E, Baba. Ka ce kawai ba a buɗe ƙofa a kan lokaci ba."

"Wa ke buɗe ƙofar?"

A waje wata kurciya ta sauka a kan sabon fenti, tana tafiya tana duba aikin.

Auta ta baro jikin bango. Ta zo ta durƙusa a gefen kujerarsa, yadda take yi tana ƙarama in tana son ya sa mata hannu a takardar makaranta.

"Baba, ban taɓa roƙonka ka buɗe mini ƙofar nan ba, ko ranar da ka rufe ni a waje ina da jarrabawa. Yau ina roƙo. Kalma huɗu ce ko biyar. Babu mai karantawa sai wani akawu. Ka rubuta, ni kuma in ci gaba da kwana a gidanmu."

Ya dubi kanta da ke sunkuye. Ya ɗauki alƙalaminsa, ya cire murfin, ya riƙe shi a sama da takardar har tsawon lokacin da jirgi zai iya tsayawa ya tashi. Sannan ya miƙe, ya fuskanci taga.

"Ranki ya daɗe, ki gaya wa waɗanda suka aiko ki abin da kika gani. An jarraba wannan tasha yau da jarrabawar da ba a taɓa yi mata ba. Mutum sittin da uku suka taso mata lokaci guda. Kwandasta da kansa ya nemi a karya doka. 'Yar cikina tana cikin taron. Wani shugaban da tuni ya rushe. Amma jirgi ya shigo a kan lokaci, ya fita a kan lokaci, babu wanda ya faɗi, babu wanda aka ture, babu ko ɓawon ƙwai a kan dandamali. In wannan ne ake kira matsala, to ina roƙon Allah ya ba kowace tasha irinta."

Ya dawo ya sunkuya. Da kyakkyawan rubutunsa mai jela, wanda ya cika gurbin har ya ɗan taɓa na kusa, ya rubuta: Babu wata matsala. Ya sa hannu, ya buga hatimi, ya hura iska a kan tawadar.

Mai Ƙirga ta karɓi takardar kamar mai karɓar abu mai zafi, ta sa a fayil. Mai Tikiti ya zame ya zauna a kan dokin ƙofa, ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Auta ta miƙe ta karkaɗe gwiwoyinta. Muryarta ta fito daidai, irin wadda take yi wa marasa lafiya bayani da ita.

"Ranar ɗaya ga wata zan koma gidajen asibiti, Baba. Farar ƙwayar da safe ce, bayan ka ci wani abu. Ƙaramar kuma da yamma. Zan rubuta maka a jikin kwalaben."

"To, to," ya ce, yana mayar da murfin alƙalami. "Aiki ai ya gaji haka. Ba wani nisa ba ne. Duk ƙarshen mako sai ki hau na yamma ki zo. Shida da kwata yake tsayawa a nan, kin sani, ba ya saɓawa."

Mai Ƙirga ta dubi takalmanta. Mai Tikiti ya dubi cikin hularsa.

Shugaba ya jira ko akwai mai tambaya. Da ya ga babu, ya fahimci bayaninsa ya gamsar. Ya ja rigarsa ƙasa, ya roƙi Mai Tikiti ya ɗan matsa masa daga bakin ƙofa, ya fita.